Jan Fenti a Jikin Ɗorawa

Duk wanda ya san Tudun Wada ya san rumfar Kailani mai gyaran keke, can gefen kasuwa inda 'yan ƙauye ke sauke kayan miya. Kwana shida yana fama da kekunan jama'a, faci ne, ɗaurin birki ne, miƙe wili ne. Ranar Lahadi kuma, maimakon ya miƙe ƙafa ya huta kamar kowane ɗan Adam mai hankali, sai ya yi sallar asuba ya haye nasa keken ya nufi daji. Wani keke ne mai kaurin taya da giya barkatai, wanda ya haɗa da hannunsa daga gawar kekunan gwanjo uku. Matarsa Fiddausi ta yi mita har ta gaji. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mahaucin da ke hutawa da fawa ba, sai a gidanta.

Hanyar da yake bi babu ita a kowace taswira. Shi ya nemo ta, kaɗan-kaɗan, cikin shekara bakwai. Ta bayan duwatsun Kufena take farawa, ta gangara wani rafi mai yashi, ta kurɗa cikin sarƙaƙiya inda sai ka duƙa, ta hau wani tudu mai tsakuwa da ke sa cinya ta yi kuka, sannan ta miƙe a kan iyakokin gonaki, ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya, har ƙauyen Rafin Gora. Wannan yanki na ƙarshe shi ne ransa. Inuwa ce jere da inuwa, iska na kaɗa ka, keke na tafiya da kansa.

Kada a ɗauka haka kawai aka bar shi yana ratsa gonakin mutane. Ina! Ranar farko da ya ɓulla, samari suka tare shi da sanduna. A wurinsu mutumin da ke tuƙa keke babu kaya, babu wurin zuwa, yana zufa a banza, ko dai mahaukaci ne ko ɗan leƙen asiri. Suka tasa shi gaba har wurin Baba Nagoda, dattijon ƙauyen, wanda kakansa ne ya sari wurin. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi sunan ubansa da unguwarsu, sannan ya gindaya masa sharuɗɗa. In ya iso bakin gari ya sauka ya tura, kada ya ratsa mata da yara a guje. In an yi shuka, tayarsa kada ta taɓa kunya. Kuma kada ya kawo baƙon da bai san asalinsa ba. Kailani ya ce ya ji ya ɗauka.

Ya kuwa riƙe. Ya riƙa tafiya da roba da gam a aljihu, duk keken da ya tarar a jingine babu iska sai ya yi masa faci, ko sisi ba ya karɓa. Tun ana kallonsa a kaikaice har aka koma ajiye masa fura. Da aka haifa wa Mika'ilu, babban ɗan Baba Nagoda, ɗa namiji, har Tudun Wada aka kawo wa Kailani goron suna. Tsohon ya daina ce masa mai keke, ya koma ce masa ɗana. Kailani ya tashi maraya, shi ya sa duk ranar da ya ji kalmar nan sai ya dawo gida fuska a sake, ya ci tuwo har da ƙari.

Ana nan sai Auwal ya dawo daga Faransa.

Auwal abokinsa ne tun firamare, benci ɗaya suka zauna. Shi ya yi nisa a boko, ya zama ma'aikacin gwamnati, ya kama gida a Hanwa, amma bai taɓa yada Kailani ba, wannan kam a ba shi. Kwas aka tura shi na wata tara, a wani yankin karkara da ake kira Morban, ya dawo da 'yar ƙiba da wani keke mai tsada da labarai buhu-buhu. Ya zauna a bencin rumfa yana nuna wa Kailani hotuna a waya. Daji ne kore shar, itatuwa dogaye a jere, tuddai da ƙoramu, ga mutane maza da mata har da masu furfura suna gangarowa a kan kekuna, duk sun yi faca-faca da laka suna dariya. Ya ce can ko baƙo ba ya ɓata, domin kowace hanya an yi mata alama a jikin itatuwa da turaku, wata 'yar kusurwa uku da ɗigo biyu a ƙasanta. Rawaya na gajeriyar hanya, ja na doguwa.

Kailani ya daɗe yana kallon hotunan. Abin ya taɓa shi ƙwarai, domin shekara bakwai ana ce masa mai taɓin hankali, ashe akwai ƙasa guda da ke cike da irinsa. Farin cikin nan ne ya buɗe masa baki. Ya ce ai shi ma yana da hanya, kuma ba ya jin ta Turawa ta fi ta.

Lahadi uku a jere suka fita tare. Kailani ya nuna masa komai, inda ake sauya giya kafin tudu, inda yashi ke cin taya, inda ake sauka a tura. Ya kai shi gaban Baba Nagoda ya ce wannan ɗan'uwansa ne, ya san uwarsa ya san ubansa, abin da duk ya yi a tuhume shi. Tsohon ya ce ɗan'uwan ɗansa ai ɗansa ne, ya sa aka dama fura. Auwal ya sha ya yi santi, ya yi ta ɗaukar hoto, wayarsa kuma na ɗaure a kan keke tana zana duk inda suka bi.

A dawowa ta uku ne, suna hutawa a bakin rafi, ya fito da abin da ke cikinsa. Ya ce 'yan ƙungiyar kekunan da ya yi sabo da su a can sun yi alkawarin aiko da kekuna ashirin domin samarin Zariya, har wasu daga cikinsu za su zo su gani da ido. Abin da suke nema kawai shi ne hanya mai alama irin tasu, a ɗauki hoto a tura musu kafin taronsu na ƙarshen wata. Ya ce tunda hanyar doguwa ce, jan fenti za a sa.

Kailani ya ajiye gorar ruwansa. Ya tambaye shi ko ya manta a wace ƙasa yake. A nan jan fenti ma'anarsa ɗaya ce, in a bango ne rusau, in a itace ne awo. Ya ba shi labarin Unguwar Gwani, maƙwabtan Rafin Gora, waɗanda suka wayi gari shekara huɗu da suka wuce suka ga ja a jikin itatuwansu, kafin damina biyu gonakinsu sun zama filoti, an kafa alluna da sunayen mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ya ce a bari bayan Sallah ya zauna da dattawa, a yi musu bayani, in sun yarda a jera fararen duwatsu, in ba su yarda ba a haƙura. Auwal ya yi dariya, ya kira shi Injiniya kamar yadda ya saba tsokanarsa, ya ce shi dai da tsoro. Kailani bai yi dariya ba.

"Ka yi mini alkawari, Auwal. Ko ɗigo."

"Haba mutumina. Hanyarka ce. Wallahi ba na taɓa komai sai da kai."

A makon ne aka yi wa Kailani rasuwa a Funtuwa, yayar mahaifiyarsa wadda ta riƙe shi. Ya rufe rumfa ya tafi, ya yi kwana goma sha biyu. Auwal har waya ya yi masa ta'aziyya, murya a sanyaye, ya tambaye shi yaushe zai dawo. Kailani ya ji daɗin kiran, bawan Allah, ya ce wa Fiddausi abokin ƙwarai ke nan.

Ranar da ya buɗe rumfa, da hantsi, sai ga Mika'ilu ɗan Baba Nagoda tafe yana tura keke, tayar baya a kwance, ga kwandon tattasai a kai. Kailani ya miƙe da murna yana masa lale. Mika'ilu ya dube shi ido cikin ido, ya kawar da kai, ya wuce da kekensa zuwa wurin wani mai faci da ke gaba, wanda kowa ya san facinsa ba ya kwana. Babu sallama, babu gaisuwar rasuwa. Kailani ya tsaya da sifana a hannu. Ya bi shi yana kira, Mika'ilu ya ce ba tare da ya waiwayo ba, wai ya je ya tambayi yaran da ya aika.

Bai ko rufe rumfa ba ya hau keke sai Hanwa. Ya tarar da Auwal a tsakar gida yana wanke kekensa da soso da sabulu kamar jariri. Tun kafin a tambaye shi ya fara washe baki, ya ce dama yana shirin zuwa da albishir. Ya miƙo waya. Ga itatuwan Rafin Gora ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jar kusurwa da ɗigo biyu a ƙirji, wasu har da lamba a ƙasa. Ga kuma wani allon ƙarfe an kafa a bakin gonar Baba Nagoda, an rubuta da manyan baƙaƙe: KAILANI, da lamba ɗaya a gefe. Auwal ya ce sunan hanyar ke nan, shi ya nace a sa sunan mai ita, Turawan sun yi murna sosai.

Kailani ya ɗago kai daga wayar. Ya tambaye shi, a hankali, yadda aka yi mutanen gari suka bari. Auwal ya ce masu fenti biyu ya ɗauka daga Kwangila, suka je ranar kasuwa lokacin da maza ba sa nan. Da wasu tsofaffi suka fito suna tambaya, sai ya ce musu Kailani ne ya aiko su, shi ke nan suka koma. Ya faɗi haka yana matse soso, ko a jikinsa.

"Ka rantse mini."

"Na rantse, amma kai ka tafi, kwana na ƙurewa. Keke ashirin fa, Kailani. Da na tsaya jiranka da sun ba wa wasu. Ƙauyawa ne, in ka je ka yi musu bayani za su gane, ai suna jin maganarka."

Wannan ce ta fi yi masa ciwo. Da a ce Auwal bai sani ba ne, da da sauƙi, rashin sani ya fi dare duhu. Amma ya sani sarai. Ya zaɓi ranar kasuwa, ya zaɓi lokacin da abokinsa ke zaman makoki, har ya kira ya tabbatar da ranar dawowa, sannan ya ɗauki sunan da Kailani ya yi shekara bakwai yana wankewa ya buɗe ƙofa da shi. Da ɗan gari akan ci gari, to yau shi aka mayar ɗan garin. Ya so ya ɗaga hannu, ya tuna benci ɗaya suka zauna, ya tuna uwar Auwal ta sha zuba masa abinci. Ya ajiye wayar a kan bokiti ya fita, Auwal na bin sa da faɗin ai abin bai kai haka ba.

Washegari da sassafe ya ɗaura galan na kananzir a bayan keke, da tsummoki da buroshin ƙarfe. Fiddausi ta ce ya bari zuciya ta huce, ko ya nemi wani malami ya raka shi. Ya ce fentin da ya kwana goma ba ya jiran rakiya. A ransa ya gama lissafi: zai durƙusa gaban Baba ya faɗi gaskiya, ya tumɓuke allon da hannunsa, ya bi itatuwan ɗaya-ɗaya ya goge, ko zai kwana uku yana yi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, haka ya yi ta faɗa wa kansa yana taka feda.

Ya wuce rafi, ya wuce sarƙaƙiya, ya hau tudun tsakuwa. Da ya kai ƙoli sai ya ja birki, domin ya ɗauka ya yi ɓatan kai. Haske ya yi yawa. Inda ya saba ganin duhun inuwa a jere, fili ne fetal, rana na dukan ƙasa. Ya sauka ya tura keken. Kututture na farko ɗorawa ce, sara sabo, an tara kara a kai an cinna wuta, har yanzu yana hayaƙi. Gangar jikin na kwance a gefe, rassan cike da 'ya'ya ɗanyu shar, ko wata guda ba su rage su nuna ba. Gaba kaɗan wani kututturen. Gaba kuma wani. Ya fara ƙirgawa, da ya kai ashirin da wani abu ya daina.

Mata na ta sassabe rassa suna ɗaure itace. Waɗannan matan su ne ke tara kalwa su dafa daddawa, su ne ke tsintar kaɗe su yi mai, da shi suke sayen gishiri da sabulu da maganin yara. Sun san shi sarai, wasunsu sun sha ba shi ruwa. Babu wadda ta ɗago.

Ya samu Baba Nagoda a bakin gonarsa, zaune a kan wata ƙatuwar gangar itace da aka kayar, rana tsaka a kansa. Allon ƙarfen na yashe a ƙasa an lanƙwasa shi. Mika'ilu na tsaye da gatari a kafaɗa. Kailani ya yi sallama, tsohon ya amsa, domin sallama ta Allah ce, amma bai nuna masa wurin zama ba. Kailani ya durƙusa a kan toka. Ya tambaya me ya sa ba su kankare fentin kawai ba. Mika'ilu ne ya amsa. Ya ce mutanen Unguwar Gwani kankarewa suka yi, masu awo suka dawo suka bi tabon ɗaya bayan ɗaya suka ja layinsu. Su kam ba za su bar wa kowa abin bi ba. Kwana shida suka yi suna sara, duk itacen da ja ya taɓa, arba'in da uku.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kailani bai ga laifinsu ba ko kaɗan. Ya kwashe labari duka ya faɗa, tun daga dajin Faransa da alamominsa, da kekuna ashirin, da rantsuwar bakin rafi, da rasuwar Funtuwa. Ya ce babu wani awo, babu filoti, bai sayar da ko taki ɗaya ba, allon nan sunan hanya ne kawai domin masu wasa da keke. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa.

Mika'ilu ya yi tsaki. Amma tsohon ya ɗaga masa hannu, ya zuba wa Kailani ido, ya daɗe. Ya shekara tamanin yana sauraron mutane, ya san muryar mai ƙarya. Kailani na kallo fuskar ta fara sauyawa, fushin da ya riƙe ta kwana goma ya zame, abin da ya maye gurbinsa kuwa ya fi fushin muni. Tsohon ya shafa ɓawon gangar da yake zaune a kai. Ya ce wannan ubansa ne ya hana a sare ta shekarar yunwa, da aka yi masa tayin buhun dawa.

"Wato babu mai zuwa?"

"Babu mai zuwa, Baba."

"Don wasa."

Kailani ya dubi kututturan. Ya zo da gaskiya yana ganin magani ya kawo, ashe ita ce za ta ƙarasa tsohon. Jiya mutanen nan sun kwanta suna ganin sun ba da itatuwa sun ceci gonaki. Yanzu ya tabbatar musu babu abin da suka ceta. Matan da ke kusa sun daina sara, sun ji komai. Wata daga cikinsu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zane.

"Na yarda ba kai ka aiko su ba," in ji Baba Nagoda. "Amma shi mutumin nan, da ya san hanyar Rafin Gora?"

"A'a, Baba."

"To."

Ya miƙa wa Mika'ilu hannu ya tashe shi. Ya ce wa Kailani ya yafe masa duniya da lahira, ba ya riƙe da shi, Allah ya ji ƙan wadda ta rasu. Sannan ya ce, Malam Kailani, in za ka koma ka bi ta titi, ta nan babu hanya. Ya juya ya nufi gida a hankali, yana dafa kafaɗar ɗansa, yana kewaye rassan da suka tare masa gaba.

Kailani ya daɗe a durƙushe har toka ta fara ƙona masa gwiwa. Da ya tashi, babu wanda ya dube shi. Ya ɗaga kekensa ya tura ta bayan gari zuwa titin mota, tafiyar da ta ninka waccan sau biyu, kuma babu inuwa ko ɗaya a kanta.